Kek Mai Duniyoyi Tara

Zoben ya sake karyewa a hannunsa, karo na uku ke nan tun safe. Farfesa ya dubi gutsattsarin sukarin da ke tafinsa, ya jefa ɗaya a baki ya tauna kamar mai ramuwar gayya, sannan ya gutsuro sabon curi ya fara murzawa a kan tebur.

"Ka bar ta haka mana," in ji Dogo daga bakin tanderu, yana zaro farantan burodi. "Wa zai tambaye ka zobe? Aure za a ɗaura mata?"

"Duniya ta shida zobe gare ta. Ba ni na ce ba, haka Allah Ya yi ta."

"Da sukari Ya yi ta?"

Farfesa ya ci gaba da murza sukarinsa. Shekara goma sha tara suna aiki a bayan shagon nan shi da Dogo, ɗaya na gashi ɗaya na ado, ya kuwa daɗe da gane cewa wanda ya amsa wa Dogo magana ɗaya ya jawo wa kansa goma. Sunan Farfesan ma Dogo ne ya raɗa masa, ranar da ya yi suɓutar bakin cewa ya taɓa yin shekara biyu a jami'a yana karanta kimiyya kafin abin ya fi ƙarfinsa. Jami'a ko takardar sallama ba ta ba shi ba, Dogo ya ba shi kujerar farfesa sukutum da guda.

Kek ɗin hawa uku ne, kowane hawa na zaune a kan kwalinsa daban, don ba a ɗaukar irinsa a haɗe. Sai an isa inda za a ci shi ake ɗora wani kan wani. Baƙi ne wuluk. Baƙin aisin da ake shafe kek da shi kuwa aikin mai haƙuri ne. In ka zuba kala a farar bota kai tsaye, toka-toka za ka samu, in ka ƙara ka samu ɗaci. Sai ka fara da garin cakulan, ka ɗiga kalar kaɗan-kaɗan, ka rufe ka bar shi ya kwana, da safe ka tarar ya yi duhu da kansa. A kan baƙin ya danna shuɗi da ja-ja da soso, ya tsoma sabon buroshin haƙori a farar kala ya riƙa fesawa da babban yatsa, taurari suka bazu kamar an watsa gishiri. Na hawan ƙasa bai bar su ga sa'a ba. Da bakin tsinke ya ɗiga Kaza da 'Ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya sa Zara a inda take tsayawa kusa da wata. A can ƙoli kumbon zuwa sama zai zauna, fari, da jar wutar sukari a gindinsa.

Dogo ya zo ya tsaya a kansa yana goge gumi da gefen riga, ya ƙirga duniyoyin da ke jere a faranti.

"Tara na gani. Ni kuwa na ji a rediyo an ce takwas ne yanzu. Wai an sallami ɗaya."

"Na sani."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. An ce ta yi ƙanƙanta, kuma ta yi nisa."

"Shi ke nan laifin?"

"Ai ya isa," in ji Farfesa. Ya ɗauki 'yar ƙaramar, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, ya gyara mata zama a layi.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Dogo, "'yarka ta yi shekara shida tana karanta haƙori, ta fito likitar haƙori, kai kuma ka tashi ka kawo mata sama. Da haƙori ka yi mata, ƙato, da saiwarsa. Ga sauƙi ga ma'ana."

"Haƙori na uwarta ne da mijin uwarta, su suka zaɓa. Sama tamu ce, ni da ita."

Haka yake faɗa wa kansa shekara goma sha biyar. Lokacin da yarinyar ke da shekara takwas zuwa tara, bayan magariba, in rigima ta lafa a ɗaki ko ba ta kai ga farawa ba, yakan ɗauke ta su hau rufin gidan hayar da suke ciki, ya zaunar da ita kusa da tankin ruwa, ya yi ta nuna mata sama yana faɗin sunaye. Ita kuwa sai ta ƙanƙame hannunsa, ba ta saki har su sauko. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta. Da auren ya mutu uwar ta tafi da ita, shi kuma ya ce zai karɓe ta da zarar ya samu gida mai ɗaki biyu. Har yau ana neman ɗaki na biyun. Uwar ta auri darakta a wani kamfani, mutum mai gida da gareji, kuma abin haushin, mutumin kirki. Yarinya ta tashi tana ce wa Darakta Abba, tana ce wa Farfesa Baba a waya, sau uku ko huɗu a shekara, in ya tara ƙarfin halin kira.

Yau da la'asar za a yi liyafar kammala karatunta a gidan Darakta, jibi kuma ta tafi wani gari mai nisa inda ta samu aiki. Daga bakin ƙanwarsa ya ji. Ya kira uwar ya ce shi zai kawo kek. Ta ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ba wani abu mai yawa yake nema ba. So yake in an zo yanka kek a ce ina mahaifinta, ya fito, ta riƙe wuƙa ya ɗora hannunsa a kan nata, a ɗauki hoto. Hoton ƙarshe da yake da shi tare da ita, haƙoranta biyu na gaba ba su gama fitowa ba. Ga jaka can rataye a bayan ƙofa da kayansa na fita kunya, an goge su sun yi layi, sai ya gama haɗa kek ya sauya.

Madam mai shago ta leƙo daga gaba, tabarau a goshi. "Farfesa, farin nan na kamfani fa? Direbansu ya zo."

"Yana firji, a kwali. Na ɗaure."

Ta dubi baƙin kek ɗin ta jinjina kai. "Da haka kake yi wa masu saye, da tuni mun buɗe reshe." Ta ɗauki farin ta fita.

Dogo ya bari sai da ƙofa ta rufe. "Allah Ya sa masu farin nan sun tanadi ruwan sha."

Lokacin kammala karatu ne, kek goma sha ɗaya suka fitar a makon nan, duk farare, duk Barka da Kammala Karatu. Na ƙarshen, wanda wata sakatariya ta yi odarsa ta waya da sunan kamfani, jiya Farfesa ya yi shi da rabin ido. Botar kirkin da Madam ta ware masa ta tafi cikin baƙin aisin, shi kuma aka lallaɓa shi da majarin ta bokiti. Ya ƙara minti goma sha biyar a tanderu, saboda Dogo ya fita salla ya bar masa gadi, shi kuwa yana can yana zana wa duniya ta biyar jan tabonta. Da ya fito a bushe sai ya kankare gefen, ya shafa masa ruwan sukari, ya lulluɓe. Rubutun ma bai auna ba. Ya fara da manyan baƙaƙe kamar mai gona, da ya zo ƙarshe wuri ya ƙare, wutsiyar rubutun ta gangara gefe. Ya dasa jan fure a wurin ya rufe rabinta.

"Kamfani ne," ya ce. "Kamfani ba shi da harshe. Hoto za su ɗauka su watse."

A karo na huɗu zoben ya zauna.

Ƙarfe biyu da rabi ya wanke hannu da sabulu, ya sake da lemun tsami, ya sake da sabulun wanki. Baƙin ya shige ƙarƙashin farce da layukan tafi, ya san sai bayan kwana biyu. Ya ɗauki shatar tasi. Hawan ƙasa a kujerar baya, na tsakiya a gefensa, ƙaramin a cinya, duniyoyin kuma a kwalin ƙwai, kowace a raminta.

"Malam direba, a hankali don Allah. Rami da birki."

Direban ya dube shi ta madubi. "Mara lafiya ne a kwalin?"

"Kusan haka. Ba za ka ɗan kunna sanyi ba?"

"Ai ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Sai dai ka sauke gilashi."

"Ƙura za ta shigo."

"To ka zaɓa, Malam. Ni duka biyun ba ni na yi su ba."

Ya bar gilashin a rufe, ya yage murfin wani kwali yana yi wa kek fifita, gumi na bin bayansa. A mahadar da fitilar hanya ta mutu suka tsaya minti ashirin, motoci huɗu sun haɗa kai kowa na jiran wani ya ji kunya. Farfesa ya yi amfani da lokacin ya sake bitar abin da zai gaya mata. Magana uku ya tanada. Ta farko barka. Ta biyu ban haƙuri. Ta ukun bai gama shirya ta ba, ya bar ta sai ya ga fuskarta.

Gidan Darakta ya cika da motoci. An kafa rumfa a harabar, an sa wa kujeru farin yadi. Mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa ya dubi mutumin da kwali ya kai masa har haɓa.

"Baƙo ne ko aiki?"

Farfesa ya buɗe baki. Mai gadi ya dubi farar rigar aikin, ya dubi baƙaƙen yatsun da ke riƙe da kwali, ya hutar da shi.

"Kicin ta baya. Bi gefen gareji."

Ba laifin mai gadi ba ne, don kafin ya rufe baki ƙafafun Farfesa sun riga sun juya can. Shekara goma sha tara yana kai kek gidajen mutane bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Mai kek ta baya yake shiga, ya haɗa, ya goge tebur, ya fita kafin baƙi su zauna. Sawu uku ya yi tsakanin tasi da kicin, kowanne ta gefen gareji.

Kicin ɗin kamar cikin tanderun Dogo. Tukwane huɗu na tafasa, mata biyar da aka ɗauko don girkin ranar na ta kai da kawo, uwar girkinsu kuma, wata mai jiki da tawul a kafaɗa, ta tsaya a tsakiya tana ba da umarni da ludayi.

"Wani kek kuma?" ta ce. "Bawan Allah, ina zan sa shi? A kaina?"

Bai kai ga tambayar me take nufi da wani ba, sai ga Hajiya, uwar yarinya, ta turo ƙofar da ke tsakanin kicin da falo. Shekarun da suka zauna masa a baya da gwiwa, ita a kunne da wuya suka zauna mata, na zinariya.

"Malam. Ka zo."

"Na ce zan zo."

"Ka ce."

Wata mai tire ta bi ta bayanta, ƙofar ta buɗe sosai, ya hango falon. A kan dogon tebur, ƙarƙashin balan-balan farare, ga kek fari a zaune, da jan fure a gefe ɗaya inda rubutu ya gangara. Ya gane shi kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci.

"Wancan fa?"

"Na shagonku ne ai. Ni na sa sakatariyar Darakta ta yi oda." Ba fushi a muryarta, da akwai ma da ya fi sauƙi. "Na bincika, an ce shagonku ba ya saɓa alkawari. Kai ne dai ban sani ba. Ranar da ta gama firamare ka ce za ka kawo agogo. Ranar sakandare ka ce za ka zo da kanka. Ban ce da gangan ka yi ba, Malam. Amma ba zan tara mutane a kan tebur ba komai ba."

"A sauya su. Minti goma ya ishe ni."

"An riga an jera furanni kalarsa, an fara hotuna." Ta ɗaga murfin kwali ɗaya da yatsa ta leƙa. "Baƙi kuma? A ranar farin ciki?"

"Sama ce."

"Na ga sama ce."

"Hajiya, wancan ɗin," ya ce, "bai kai wannan ba."

"Ba kai ka yi shi ba?"

"Ni na yi."

"To ai shi ke nan, duk naka ne." Ta rufe kwalin. "Haɗa shi a nan, zan turo ta ta gani. In ka gama ka shigo, akwai kujeru."

Babu wuri sai kan firizar da ke jikin taga, taku uku daga murhu. Ya goge murfinta, ya ajiye hawan ƙasa, ya soka masa tsinkayen katako guda biyar don su ɗauki nauyin na sama, ya yanke su daidai da tsayinsa. Ya ɗora na biyu, ya soka uku, ya ɗora na ƙarshe. Ya bi mahaɗan da aisin ya liƙe, ya fesa sababbin taurari a inda yatsa ya taɓa. Sannan ya fito da duniyoyin daga kwalin ƙwai ya dasa su a kan waya siririya, suna hawa suna zagaye kek ɗin daga wadda ta fi kusa da rana zuwa can gefe inda 'yar ƙaramar take. Da ya kafa kumbon a ƙoli ya ja da baya, ya ga matan girki sun daina magana.

"Ikon Allah," in ji uwar girki. "Wannan ci za a yi ko kallo?"

"Baba!"

Yarinyar ce. Ta fi tsayin da ya ajiye mata a ransa. Doguwar rigar kammala karatu ce a jikinta, hular a hannu. Ta ɗan rusuna a bakin ƙofa, tana tattare rigar kada ta taɓa ƙasan kicin.

"Sannu da zuwa, Baba. Umma ta ce ka zo. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Mamana."

Ta matso ta ga kek ɗin. "Kai! Kai ka yi wannan? Wallahi ya yi kyau." Ta zagaya ta gefe tana leƙa duniyoyin. "Har da roket."

"Kumbo." Ya nuna hawan ƙasa da bakin tsinke, don kada ta ga yatsan. "Kin gane waɗannan?"

"Taurari."

"Kaza da 'Ya'yanta. Ga Zara nan kusa da wata. Kin tuna? Rufin gida, kusa da tanki. Ba kya sakin hannuna har mu sauko."

Ta yi dariya, dariyar wanda aka tuna masa labarin da ya saba ba ƙawaye. "Na tuna tankin. Baba, tsoro nake ji fa! Rufin nan ba katanga, ga duhu. Yawanci idona a rufe yake."

"A rufe?"

"Kana cewa kin gani, ina cewa na gani. In na ce ban gani ba sai mu daɗe." Sai ta dubi fuskarsa, dariyar ta rage. "Amma ba na ƙin zuwa. A can ne kawai kake magana da yawa."

Uwar girki ta juya ta kama motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsi.

"Bari in ɗauke shi," in ji yarinyar, ta zaro waya daga aljihun rigar. Farfesa ya gyara tsayuwa kusa da firiza, ya mayar da hannayensa baya, ya ɗaga haɓa. Ta ɗaga wayar, ta matsa hagu, ta matsa dama.

"Baba, ɗan ja baya kaɗan, inuwarka na faɗa masa."

Ya ja baya.

"Yawwa." Ta duba hoton ta gyaɗa kai. "Sai dai baƙin nan zai rina wa mutane haƙora."

"Na ɗan lokaci ne. Kafin magariba ya fita."

"To a bar shi sai an gama hotuna. Ka san aikina, kada a ce a gidan likitar haƙori aka fara."

"Barka, Mamana," ya ce. Maganar farko ta fita lafiya.

"Na gode, Baba."

Ya ja numfashi don ta biyu. Daga falo wata murya ta ƙwala, "Likita! Abbanki na jira, mai hoto zai tafi wani wurin!"

"Ina zuwa!" Ta ɗora hular a ka tana gyarawa. "Baba, ka shigo fa. Ka wanke hannu ka shigo."

Ya wanke hannun, tunda ita ta ce. Ya tambayi uwar girki inda zai sauya kaya, ta nuna masa sito da ludayi. A ciki, tsakanin buhun albasa da katan-katan na lemo, ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya fito da tasa, ya warware ta da bakin yatsu. Ya sa hannu ɗaya ke nan lasifika ta yi ƙara ta gyara murya.

"Jama'a, lokacin yanka kek ya yi. Iyayen Likita su fito gaba."

Daga sito zuwa falo bai wuce taku goma sha biyar ba, ya san da haka, don mai kek yakan auna hanya. Ya ji kujeru biyu sun motsa. Ya tsaya da hannu ɗaya a riga yana sauraron ko wani zai ce saura ɗaya. Mai lasifika ya ce a ƙirga tare, jama'a suka ƙirga, ɗaya, biyu, uku, tafi ya ɓarke da guɗa. Aka daɗe ana tafin.

Ya zare hannun, ya ninke rigar a kan layin gugarta, ya mayar jaka. Ya sauko da rigar aiki daga ƙusa.

A kicin zafi ya fara aikinsa. Baƙin aisin ya yi gumi yana ƙyalli, taurarin gefen murhu sun fara jan wutsiya zuwa ƙasa, kumbon ya karkata kamar mai tunanin fasa tafiya. Cikin firiza sanyi ne, amma murfinta ba ruwansa da kowa.

"Yawwa, mai kek, Allah Ya kawo ka," in ji uwar girki, ta shigo daga falo da wuƙa a hannu. "Sun yanka na hoto, yanzu an ce a raba wa mutum tamanin. Mun gwada, abin marmashewa yake kamar tsohon bango. Don Allah zo ka fid da mu kunya, kai ka san kansa."

Ya san kansa kuwa. Busasshen kek ba a yi masa yankan zarto. Ruwan zafi ake samu a kofi, a tsoma wuƙa, a goge, a danna sau ɗaya har ƙasa, a sake tsomawa. Ya ɗebi ruwa daga butar shayi, ya saɓa tawul a kafaɗa, ya karɓi wuƙar, ya tura ƙofa ya shiga falo.

Sanyin na'ura ya buge shi. Ba wanda ya juyo. Can ƙarshen falon Darakta ya hango shi ya ɗaga hannu da fara'a, ya taso zai zo, wasu abokansa suka tare shi da gaisuwa. Yarinyar na tsakiyar ƙawayenta, duk da huluna iri ɗaya. Ta gan shi a bakin tebur, ta ware ido, ta yi masa alama da hannu wai ya bari, ya zauna. Mai hoto ya ce kowa ya dubi nan, ta dubi can.

Ya cire jan furen ya ajiye gefe. Ya tsoma wuƙa, ya goge, ya danna. Yankan ya fita sumul, bai zubar da ko ɓarɓashi ba. Ya raba ɓari guda gida goma sha shida, ya jera a ƙananan faranti, mata masu tire suna kwasa. Hannunsa baƙi, kek fari, amma tawul yake sa wa tsakani, bai bar tabo ko ɗaya ba. Wani yaro mai ƙiba ya dawo karo na biyu, uwarsa ta janye shi. Wani mai kwat ya gutsura, ya tauna, ya tauna, ya waiga neman lemo.

Wata tsohuwa ta ƙi jiran tire, ta taso da sandarta ta zo bakin tebur da kanta. Daga yadda ake ba ta hanya, babba ce a dangin Darakta. Ta ɗauki guntu daga farantin da ke gabanta ta ɗanɗana.

"Ya ɗan bushe," ta ce. "Amma na yanzu duk haka suke, ado ne kawai. Zuba min wani in tafi wa jikata da shi."

Ya tsoma wuƙa. Ita kuwa ta tsura masa ido, ta matso da fuska kamar mai karanta ƙaramin rubutu, ta waiga ta dubi inda 'yan matan suke, ta sake dubansa.

"Ɗan nan, kamar na san fuskar nan. Kai ɗan uwa ne? Ta wajen wa?"

Daga can ƙawayen suka fashe da dariya a kan wani abu, muryar yarinyar a sama da ta kowa. Farfesa ya goge wuƙar a tawul, gefe da gefe.

"Mai kek ne, Hajiya," ya ce. "Gefe kike so ko tsakiya?"